Yankari a dogon hutu: a je don ruwan Wikki, kada a yi wa yara alƙawarin giwa

Duk uwar da take da 'yan firamare ta san yadda gida yake komawa idan aka ba da dogon hutu a ƙarshen Yuli. Islamiyya da safe, daga nan kuma sai rigimar rimot da "Umma, kin ga Yaya ko?" har magariba. Gidan zoo da wuraren lilo na cikin Kano kuwa yaran sun haddace su. Shi ya sa bana ni da Abbansu muka ce bari mu kai su Yankari a watan Agusta. Babban shekararsa 9, mai bi masa tana da 6, auta kuma 3.

Tafiyar ba ƙarama ba ce. Mun bi ta Wudil, Birnin Kudu da Ningi muka shiga Bauchi, muka kwana a gidan ƙanwar Abbansu, kuma ina ba duk mai ƙananan yara shawarar ya raba tafiyar haka. Washegari muka ɗauki hanyar Gombe, a Dindima muka karkata zuwa Mainamaji, inda ƙofar dajin take a ƙaramar hukumar Alkaleri. A nan ake biyan kuɗin shiga. Yara suna ganin ƙofa suka fara murnar an iso, alhali akwai sauran tafiyar kusan kilomita 40 a cikin daji kafin a kai masaukin Wikki. A cika tanki tun daga Bauchi, a kuma riƙe tsabar kuɗi, don sabis ɗin waya a cikin daji ba abin dogaro ba ne.

Waɗanda suka fara tarbar mu a masauki birai ne, irin manyan nan da ake kira gwaggon biri, da kuma mugun dawa da ke kiwonsa a tsakanin ɗakuna ko a jikinsa. Mugun dawan bai kula kowa ba. Biran ne matsala. Sun san leda, sun san kula, sun san ƙofar motar da ba a rufe ba. Ma'aikacin da ya nuna mana ɗaki ya ce, "Hajiya, kada yaro ya fito da abinci a hannu, kuma a riƙa sa sakata." Ko awa ba a yi ba wani ya warce ledar cincin a hannun wata yarinya daga iyalin da suka sauka kusa da mu. Bai ji mata ciwo ba, amma ta tsorata sosai. Daga nan auta bai sake sauka daga bayana ba sai a cikin ɗaki, kuma duk dambun nama da gurasar da na yi guzuri a ɗaki muka ci su, taga a rufe.

Abin da ya biya mu wahalar hanya shi ne ruwan Wikki. Ana gangarawa ta wasu matakala masu ɗan tsawo, sai ga ruwa yana ɓulɓulowa daga ƙarƙashin wani dutse, bishiyoyi sun yi masa rumfa. Garai-garai yake, kana tsaye a ciki kana ganin yatsun ƙafarka a kan farin yashi. Ɗuminsa digiri 31 ne dare da rana, rani da damina, kuma ga uwa wannan ba ƙaramin abu ba ne: yaro zai daɗe a ciki bai fara karkarwa ba, ba ka fargabar mura. Ko da aka yi yayyafi muna ciki, ruwan ƙasa ya fi na sama ɗumi, yaran suka ƙi fita. Wajen bakin dutsen akwai zurfi, ya sha kan babba, can na masu iya iyo ne. Idan aka bi ruwan ƙasa sai zurfin ya yi ta raguwa har a kai inda 'yar shekara 6 take tsayawa da ƙafarta. A nan muka yada zango. Ruwan yana tafiya a hankali zuwa kogin Gaji, ba tafki ba ne, don haka hannuna bai bar na auta ba duk da rigar iska da muka saya masa a Kano.

Ga mata masu jin nauyin shiga ruwa a gaban jama'a, lokacinku shi ne da sassafe, kafin matasa su farka. Na shiga da doguwar riga da wando, ba wanda ya kalle ni, kuma ba ni kaɗai ba ce. Da rana kuwa, musamman a ƙarshen mako, wurin na samari ne da 'yan makaranta masu yawon buɗe ido.

Sai zagayen daji, wanda saboda shi babban ya kasa barci. Ana shiga buɗaɗɗiyar mota da ɗan rakiya, kuɗinsa daban da na shiga. Dajin ya haura murabba'in kilomita 2,200, kuma giwayensa suna cikin 'yan kaɗan da suka rage a Najeriya. Sai dai dogon hutunmu a tsakiyar damina yake faɗowa. Ciyawa ta fi mutum tsawo, ganye ya rufe ko'ina, kuma ruwa ya kwanta a kowane kwari, don haka dabba ba ta da dalilin zuwa bakin Gaji shan ruwa. Da rani ne ƙishirwa take tara su a can. Mun ga gwambaza, mun ga mazo ya gilma, mun ga tsuntsaye kala-kala da birai ba adadi. Giwa kam sai kashinta da rassan da ta karya. Ɗan rakiyar ya tsayar da mota ya nuna wa babban sawunta a cikin laka, ya ce masa, "Ka ga, jiya ta wuce nan." Yaron ya auna da takalminsa, ya ɗan huce. Ta tsakiyar ba ta huce ba, ta ce ita an cuce ta. Auta ya yi barci tun kafin a yi nisa, da ya farka kuma sai kuka, ga tsando yana cizo. Tsando yana bin baƙaƙen kaya da shuɗi, don haka a sa wa yara fararen kaya masu dogon hannu. Ni a ganina yaron da bai kai shekara 5 ba gara a bar shi a masauki da wani babba.

Akwai ɗan gidan tarihi a masaukin, da fatu da ƙasusuwa da hauren giwa da tarkunan da aka ƙwace a hannun mafarauta. Nan ne ta tsakiyar ta yarda cewa da gaske akwai giwa a dajin. An keɓe dajin tun 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962, gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991, ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006. Kogunan Marshall, waɗanda mutanen dā suka sassaƙa a jikin dutse, ba mu je ba, tafiyar ta fi ƙarfin ƙafar auta.

Wanda zai je a wannan hutun ya tafi da gidan sauro da man shafawa na sauro, da maganin zazzaɓin yara, da tawul fiye da yadda yake zato, domin kaya ba sa bushewa da wuri a Agusta. Wanda kuma giwa ce ta kai shi, ya jira hutun zango na biyu, wajen Afrilu, lokacin da ciyawa ta bushe. Zafin Bauchi a lokacin ba wasa ba ne, amma Abbansu ya riga ya yi wa babban alƙawari, su biyu za su koma.