Fagge ko Nasarawa GRA?

Masu neman haya a Kano sun sha tambayata: Fagge ko Nasarawa GRA?

Fagge tsohon zangon fatake ne a bayan ganuwa, kuma har gobe ciniki ne jininta. Daga ƙofar gida ka taka zuwa Kantin Kwari. Haya da dama-dama, maƙwabci ya san 'ya'yanka, mai shayi ya san kofinka. Sai dai cunkoso, ga lungunan da mota ba ta shiga, ga kwata idan damina ta sauka.

Nasarawa kuwa Turawa suka zauna cikinta bayan 1903: tituna masu faɗi, inuwar darbejiya, shiru. Kuɗinta akwai tsada, kuma katanga ta raba mutane, abin da ke damuna ke nan.

Ɗan kasuwa mai son jama'a, Fagge ta fi masa. Mai hali da mota, mai neman natsuwa, ya nufi Nasarawa.