Takardar haraji ta biyo Baba har gida

Mutanen Gusau da Kaura, gaisuwa daga Shikago. Kun sha tambayata yadda tsofaffinmu ke ƙarewa a Amurka bayan ritaya, to ga abin da ya faru da wani dattijonmu ɗan Zamfara da muke sallah masallaci ɗaya.

Baba ya aje aiki, ana turo mai fansho duk wata, shi a ganinshi fansho ba ruwanta da haraji tunda haka yake a gida, da ya cike takardar shekara kafin 15 ga Afrilu bai sa ta ciki ba. Ashe masu biyanshi duk farkon shekara suna fitar da wata takarda 1099-R mai nuna kuɗin da suka biya shi, kwafi ɗaya gare shi ɗaya ga hukumar haraji, kwamfuta ke haɗa lissafin. Shiru shiru sai ga wasiƙa, ga abin da ka karɓa, ga abin da ka rubuta, ga harajin da ya rage, ga tarar kashi 20 cikin 100 a kai, sannan kuɗin ruwa da ke hawa kullum tun ranar da ya kamata a biya, kwana 30 ka ba da amsa. Kuɗin ruwan nan ya fi komai ƙona mai rai, bawan Allah da ko bashin banki bai yarda da shi ba. Ya ce min "ɗana, zo ka karanta min ko idona ne."

Mun buga wa hukumar haraji waya, wallahi fiye da awa ɗaya ana kaɗa mana kiɗa a kunne kafin mutum ya ɗauka, mai cike takardun haraji kuma kafin ya buɗe ambulan sai da ya faɗi kuɗinshi. Amma matar da ta ɗauka ba tsawa ba wulaƙanci, ba "kawo na goro", ta ce zai iya biya kaɗan kaɗan duk wata, in yana da uzuri ya rubuta a duba maganar tarar. Jihar Illinois ma, inda Shikago take, ba ta taɓa kuɗin fansho, gwamnatin tarayya ce ke cira.

Ni fa abin da ya tsaya min, gwamnatin da ta san kowane sisi na tsohon nan, fanshonshi bai taɓa lattin kwana ɗaya ba. Mu ko ba a cire wa fansho haraji, to ina fanshon? Kawuna ya koyar a firamare har gashinshi ya yi fari, kullum tantancewa, a tara tsofaffi cikin rana da fayil a hammata, wani daga Anka wani daga Shinkafi da kuɗin mota na aro, a ce sunanka ya ɓace ka dawo. Garatuti kuwa wasu magadansu ne ke bi. Kuma ma'aikacin da ke ɓatar da fayil ɗin ɗan unguwarmu ne, tare ake sahu da shi!

Masu iyaye a nan, don Allah ku riƙa buɗe musu wasiƙun da ke zuwa a Janairu da Fabrairu, kar su tara su cikin leda.