Kyamarar da ta dace da ajin koyon rubuta labari a ƙaramar sakandare

Ina koyar da rubutun ƙagaggen labari ga 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare a nan Jos, kuma ban ga abin da ke buɗe bakin yara kamar hoto ba. Ka ce wa ɗan shekara 12 ya rubuta labari, sai ya zura wa takarda ido har a kaɗa ƙararrawa. Amma ajiye masa hoton da ya ɗauka da hannunsa na mai tura baro a kasuwar Farin Gada, ka tambaye shi ina mutumin nan ya kwana, me ya karya da shi, wa ke jiransa a gida, sai ka ga biro na gudu. Malaman da suka ga haka sukan tambaye ni me za su saya idan makaranta ko iyayen yara sun ba da ɗan abin da ya samu.

Hankalin mutane ya fi zuwa kan babbar kyamara irin ta masu ɗaukar hoton biki, kamar Nikon D3100 da ta fito a 2010 ko takwarorinta na Canon. Hotonta ba a magana. Sai dai guda ɗaya kuɗin zai saya, kuma a aji mai yara da yawa malami ne zai riƙe ta, yara na kallo daga nesa don tsoron kada ta faɗi. Ga ƙurar hunturun Jos da ke shiga ciki duk lokacin da aka cire madubin gabanta, wato lens. Ni ba na ba da shawararta.

Waya ita ce mafi sauƙin samu. Tecno ko Infinix ta hannu za ta yi aikin, yara sun san ta, cajinta da gyaranta ba wahala a layin masu waya na Ahmadu Bello Way. Matsalarta ita ce tana ɗauke da abubuwa da yawa bayan kyamara. In ita za a saya, a cire layin, a goge wasanni, kuma ta zama ta makaranta. Kada a ce kowa ya zo da ta gidansu, don nan take yaran da iyayensu ba su da hali za su ji sun koma baya, ga shi makarantu da dama sun hana zuwa da waya.

Abin da na fi so shi ne ƙananan kyamarorin aljihu na hannu, irin su Canon PowerShot, Nikon Coolpix da Sony Cyber-shot. Aikinsu ɗaya ne, don haka idon yaro na kan abin da ke gabansa. Gara a samu biyar ko shida a raba wa rukuni-rukuni, kowa ya taɓa. A nan ne mai saye zai buɗe ido. Fara duba katin ajiye hotuna da kyamarar ke ɗauka: nemi mai amfani da SD, domin wasu tsofaffin Sony na amfani da Memory Stick, tsofaffin Olympus da Fujifilm kuma xD, samunsu yanzu sai an sha yawo. Kyamarorin da aka ƙera kafin 2006 da yawansu ba sa karanta katin da ya wuce gigabait 2. Sai batir. Mai cin batir AA ta fi kwanciyar hankali, ko ba wuta ka aika shago a sayo. Mai nata batirin na musamman kuwa, kada ka biya sai an haɗa maka da caja, ka kuma duba ko batirin ya kumbura. Kunna ta ka kashe sau da yawa a gaban mai shago, ka ga madubin na fita yana komawa ba tare da cijewa ba, sannan ka ɗauki farin bango ka duba ko akwai ɗigo a hoton.

Kada yawan megafiksel, wato ma'aunin yawan ƙananan ɗigogin da ke haɗa hoto, ya ruɗe ka. Kimanin 2 sun isa a wanke hoto mai inci 4 da 6 fes, kimanin 9 kuma sun cika takardar A4.

Ina roƙon malamai su ware wani kaso na kuɗin don wanke hotuna, ko da za a rage kyamara ɗaya. Hoton da ke kan allon kyamara yara tsallake shi suke yi su wuce na gaba. Wanda ke kan tebur kuwa suna juya shi, su hango takalmin da ya tsinke ko yarinyar da ke leƙe a bayan ƙofa, kuma daga irin waɗannan ne labari ke tashi. Ƙaramar na'urar wanke hoto ta Canon Selphy na fitar da hoto mai kyau, amma takardarta da tawadarta na cin kuɗi. Kai katin situdiyo a wanke duka lokaci guda ya fi araha.

Kafin a fita, a nemi izinin iyaye a rubuce, a koya wa yara yin sallama da neman yardar mutum kafin su ɗauke shi, a kuma nisanci shingen jami'an tsaro. Don fitar farko, gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952 ya wadatar, musamman ɓangaren gine-ginen gargajiya, inda yara za su tsaya gaban kwaikwayon ganuwar Kano su rubuta wanda ke gadin ƙofar da dare.