Neman iyayen yaro: WhatsApp na ikilisiya ko Red Cross?

'Yar'uwa, kin yi tambaya kan yaron da zumuntar matanku ta karɓa a Mokolo ta ƙasar Kamaru, wanda ya tsallako iyaka ba uwa ba uba: ku watsa hotonsa a WhatsApp na ikilisiyoyi, ko ku kai maganarsa Red Cross?

WhatsApp akwai sauri, wannan ba musu. Tun da Boko Haram ta ci Gwoza a 2014 mutanen ikilisiyoyin EYN da COCIN suka warwatsu, wasu sansanin 'yan gudun hijira na Minawao, wasu Maiduguri ko Yola, amma fastoci da masu bishara na riƙe da lambobin juna. Ikilisiya kuma tana da kunne. Dattijuwa za ta ji yaro yana ƙirge da yaren Glavda ta ce, "Wannan ɗan wajen Ngoshe ne," alhali shi ko sunan ƙauyensu ya manta.

Sai dai hoto in ya fita ba ya dawowa. Gobe wani zai zo da hawaye ya ce shi ne kawunsa, wa zai tantance? Haka ake kwashe yara zuwa aikatau. In kuwa daga hannun 'yan bindiga ya tsero, kun nuna musu inda yake, kun kuma ja masa tsangwama a unguwa. Wannan ne ke tayar mini da hankali.

Red Cross akwai nawa, wani lokaci watanni, wani lokaci shekaru. A Najeriya kaɗai sunayen ɓatattu sama da 20,000 ne a hannunsu, fiye da rabi yara ne lokacin da suka ɓata. Amma kyauta ne. Za su rubuta sunansa, na iyaye, da inda aka rabu, su aika wa ofishinsu na can ƙetare. In an samu dangi sai an tabbatar, an kuma ji ta bakin yaron, kafin a haɗa su, galibi a fara da kiran waya. Rajistar HCR kuma, wato hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, inda ake ɗaukar zanen yatsu da hoton ƙwayar ido, ita ke ba shi takarda da hanyar makaranta.

Ni dai shawarata, ku fara da rajista a wannan makon. WhatsApp ya biyo baya, fasto zuwa fasto kai tsaye, ba hoto, ba cikakken suna, duk abin da aka jiyo a miƙa wa Red Cross. Baikon da kuka tara ya tafi gidan da ke riƙonsa: hatsi, sabulu, littattafai.

Don Allah kada a canza masa suna, da shi mahaifiyarsa ke cigiya. In Musulmi ne, ku gaya wa limamin unguwa, a bar shi ya yi sallarsa.