Saƙo daga Sidni ga masu shirin karatun kasuwanci ko aktuwari

Ƙannena, ina gaisuwa, da fatan kowa yana lafiya. Tambayoyin da kuka turo mini kusan iri ɗaya ne: me za a saya, me za a bari. To, ga abin da idona ya gani a nan Ostireliya, inda shekarar karatu take farawa a ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, ba a Satumba ba kamar Ingila.

Kayan da za ku kashe wa kuɗi ba su da yawa. Kada wanda ya wahalar da kansa ya sayi babbar kalkuleta mai zana jadawali, ba za a bar shi ya shiga ɗakin jarrabawa da ita ba. Kowace jami'a tana da jerin waɗanda ta amince da su, kuma ƙaramar Casio fx-82 ce ake gani a hannun kusan kowa. Sabon littafin akanta ko na tattalin arziki sau da yawa yakan haura dalar Ostireliya 100, don haka ku dakata har makon farko ya wuce. Wani darasin takardun malami sun wadatar, wani littafin yana laburare ana karantawa ta intanet, sauran kuma 'yan ajin gaba suna sayar da nasu da rahusa. Sai dai in littafin yana zuwa da lambar shiga shafin gwaji, na hannu ba zai yi ba, domin mai shi na farko ya riga ya cinye lambar. Kwamfuta kuwa, duk wadda za ta ɗauki Excel da R, wato manhajar ƙididdiga, ta isa. R kyauta ce, Excel kuma yawanci jami'a ce take bayarwa.

Inda nan ya sha bamban da abin da muka saba shi ne hidimar da kuɗin makaranta ya riga ya biya, wadda sababbin ɗalibai suke wucewa ta gefenta. Kowane malami yana da lokacin da ya ware a mako domin tambayoyi. A makonnin farko za ka tarar da ƙofarsa a buɗe, yana zaune shi kaɗai, farin allon bayansa fes ba rubutu. Ana saura mako guda jarrabawa kuwa, layi ne har bakin matakala, kowa riƙe da takarda yana leƙen agogo. Akwai kuma zaman bita kyauta da ake kira PASS, wanda ɗaliban da suka ci darasin da maki mai kyau suke jagoranta. Yawancin laccoci ana naɗar su a saka a intanet. Wannan alheri ne, amma a ganina shi ya fi kayar da mutane: yau ka ce gobe zan kalla, kafin ka ankara sun taru kamar bashi.

Mai son aktuwari, wato lissafin haɗari na inshora da fansho, ya buɗe kunnensa a nan. Digiri kaɗai ba ya mai da mutum aktuwari. Ƙungiyar masu sana'ar, Actuaries Institute, ita take ba da wannan matsayi, mataki-mataki, kuma abin yana cin shekaru bayan an fara aiki. Amfanin shiga jami'ar da ta amince da ita, irin su Macquarie, wadda ta fara koyar da fannin tun 1968, ko New South Wales, Melbon, Monash da ANU (Australian National University), shi ne ana yafe maka jarrabawar matakin farko in ka yi ƙoƙari a darussan da suka dace. Amma fa makin tsallakewa, wato 50, ba ya sayen wannan yafiya. A wasu jami'o'in sai ka kai 65, a wasu ma fiye da haka. Mutum zai iya karɓar digirinsa lafiya lau, sannan ya dawo yana biyan kuɗi ya sake zama jarrabawar abin da ya riga ya karanta. Ingila ma tana da irin wannan tsari da tata ƙungiyar. A Amurka kuwa an fi sanin ɗalibi da zama jarrabawar Society of Actuaries da kansa tun yana makaranta. Duk inda kuka nufa, lissafin shekarar farko shi ne gindin komai. Wanda ya yi masa riƙon sakainar kashi zai ji a jikinsa a shekara ta biyu, lokacin da ƙididdiga ta shigo da ƙarfinta.

Aikin kam akwai dalilin samuwarsa a nan. Tun 1992 doka ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikaci ya riƙa zuba masa kuɗi a asusun ritaya, kuma daga Yulin 2025 kason ya kai kashi 12 cikin ɗari na albashi. Dukiya mai yawan haka dole ta nemi masu lissafa ta.

'Yan digirin kasuwanci sun fi samun sarari. Shekarar farko ana ɗanɗana komai, akanta, harkar kuɗi, tattalin arziki, talla, sannan a zaɓi fanni. Mai niyyar zama akanta ya duba tun da wuri darussan da ƙungiyoyin akantoci, CPA Australia ko CA ANZ, suke buƙata, kada sai ajin ƙarshe ya gano ya tsallake guda. Kamfanoni irin su Deloitte da KPMG suna ɗaukar ɗalibai aikin koyo a dogon hutun da yake kamawa daga Disamba, galibi waɗanda suka rage shekara guda su gama, kuma suna duba matsakaicin makinka tun daga zangon farko.

Bizar ɗalibi tana ba da damar aikin awa 48 a kowane mako biyu lokacin karatu. Ga ɗan aktuwari ni dai ina ganin ya yi yawa. Kuɗin jirgin ƙasa da bas ma ya danganta da jiha: a Sidni yawancin ɗaliban waje cikakken kuɗi suke biya, a Melbon kuwa akwai katin rangwamen rabi ga masu digirin farko a makarantun da suka shiga tsarin. Inshorar lafiya dole ce kafin a ba ka biza, amma ƙaramar cikinta ba ta biyan aikin haƙori ko tabarau, don haka mai matsalar ɗaya daga ciki ya ga likita kafin ya taso.