Ruwan Kaduna a kwamfutar Turawa

Assalamu alaikum ƙanena. Ina fata kana lafiya, da Umma da Baba da sauran mutanen gida. Na ji saƙonka na murya kan aikin kammala karatunka, wato binciken ambaliyar kogin Kaduna, da tambayar da ka yi ko akwai bayanan da zan saya maka a nan in turo. Na yi dariya ni kaɗai a cikin bas, don shekara biyu da suka wuce ni ma haka nake zato.

Ba sayarwa ake yi ba. Yawancin abin da muke aiki da shi a nan kyauta ne, kuma ƙofar da nake shiga daga garin Reading na Ingila ita ce za ka shiga daga ɗakinka na Tudun Wada. Imel kawai suke nema, ka yi rajista, ka zaɓi lambar sirri.

Ɗauki Landsat, taurarin ɗan'adam na Amurka da ke ɗaukar hoton ƙasa tun 1972. Da can hoto ɗaya yakan kai dala 600, sai a 2008 suka buɗe rumbun ga kowa. Ranar da na fara gwadawa na jera hotunan Kaduna na shekaru daban-daban, na zauna ina kallon Rigasa tana cinye gonaki, gidaje suna gangarawa bakin kogi inda da fadama ce. Har sai da na ji wani iri, don a nan Baba yake ba mu labarin sun yi kamun kifi suna samari. Turai ma tana da nata, Sentinel-2 na shirin Copernicus, wanda kowane ɗigo a hotonsa mita 10 ne a ƙasa, kuma yakan dawo kan wuri duk kwana 5. Sai dai kai da ambaliya ta dama, ka sani cewa a Agusta da Satumba gajimare zai rufe maka komai. Nan sai Sentinel-1, mai aiki da rada (na'urar da ke harba sigina ƙasa ta auna abin da ya dawo), wanda ba ruwansa da hadari ko dare. Shimfiɗaɗɗen ruwa baƙi yake fitowa a hotonsa, sai ka ga iyakar inda kogi ya kai a wajen Kabala da Unguwar Rimi.

To ina bambancin? Yana cikin abubuwan da ba a rubutawa a takardar bincike. Makon farko a ɗakin karatu, wata 'yar ajinmu ta tambaye ni me ya sa nake adana aikina duk bayan layi biyu. Hannuna ne ya saba da tsoron ɗaukewar wuta, ni ban ma san ina yi ba. Kowane teburi da soket ɗinsa, intanet kuma ba a lissafa maka. Hoton Sentinel-2 guda yakan kusan gigabait 1, a nan kafin in haɗa shayi ya sauka. Ka tuna yadda nake sayen datar dare, in kafa kwamfuta kan tabarma, in yi ta gyangyaɗi, sai ya kai kashi 90 ya yanke? Saboda haka shawarata, kada ka ce sai ka sauke komai. Ka nemi shiga Google Earth Engine, kyauta ne ga ɗalibai da masu bincike. Hotunan suna can a wurinsu, lissafin ma injinansu ke yi, kai umarni kawai za ka rubuta a turo maka sakamako ɗan ƙarami. Da an yi shi don mutanen Kaduna aka yi, da bai fi haka dacewa ba. Zanen taswira kuma manhajar QGIS ta kyauta ta ishe ka, ka rabu da manhajar sata mai kashe kwamfuta.

Maganar mujallun bincike ce ta fi ba ni haushi. Maƙala ɗaya sai ka ga an sa mata dala 30 ko 40, alhali a nan makaranta ta riga ta biya, dannawa kawai nake yi. Wani lokaci ma ɗan Najeriya ne ya rubuta, kan ƙasar Najeriya. In ka ci karo da irin wannan, turo mini sunan, ko ka rubuta wa marubucin kai tsaye. Yawancinsu da murna suke aikowa.

Kada kuma ka ɗauka komai na nan ya fi. Da madannan kwamfutata suka lalace, mai shago ya duba da kyar, ya faɗi kuɗin da ya kusa na sabuwa, ya ce in dawo bayan mako biyu. Na tuna yaran titin Ahmadu Bello da za su warware ta a gabanka, su canza, ka sha lemo ka tafi kafin la'asar. Buga takarda ma shafi-shafi ake cirewa a katinka, ba wani "Oga a rage mana".

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta maka doguwar wasiƙa maimakon saƙon murya, wato ruwan sama. A garin nan hedikwatar cibiyar hasashen yanayi ta Turai take, ECMWF, ko da yake manyan kwamfutocinta suna Bologna ta Italiya. Su ke fitar da ERA5, wanda zai ba ka zafi da iska da ruwa na kowace awa tun daga 1940, a ko'ina a duniya. Jami'ar garin kuma tana da TAMSAT, ƙiyasin ruwan saman Afirka tun 1983, ga CHIRPS na wata jami'a a Kalifoniya da ya faro daga 1981. Da na ga haka na ce shi ke nan, wahala ta ƙare. Don ban manta ba, lokacin nawa aikin sau uku na je wani ofishi neman lissafin ruwan shekara goma. Aka ce in kawo wasiƙa, na kawo, aka ce mai makulli ya yi tafiya. Ƙarshe na biya, aka ba ni kwafin da wata huɗu babu su, wani shafin ma gara ta ci gefensa.

Malamina ne ya sauko da ni. Ya ce, ka san tauraron bai taɓa ganin ɗigon ruwa ya faɗi ƙasa ba? Sanyin saman gajimare yake aunawa. In hadari ya yi tsawo ƙwarai samansa yakan yi sanyi, to daga daɗewar wannan sanyin ake ƙiyasta ruwan da ya zuba, sannan a daidaita lissafin da ma'aunan da ke ƙasa. Inda ma'auni ya yi ƙaranci, ƙiyasin sai ya zama kamar awon hatsi da ido. ERA5 kuma ya yanka taswirar duniya akwati-akwati, faɗin akwatinsa ɗaya kusan kilomita 31 ne, wato Kawo da Barnawa duk lamba ɗaya zai ba su. Kai kuwa ka san sau nawa ake tafka ruwa a Kawo, mutanen Barnawa na shanya.

Sai na tuna dattawan da suka cika waɗancan shafukan da gara ta ci, kullum da safe da biro, shekara da shekaru. Na yi ta jin haushin ofishin ban taɓa tunanin su ba. Takardar da na raina ita ce malamina ya fi ɗoki a kai, har ya tambaya ko zan iya samo sauran shekarun.

Don haka ga abin da nake so. Akwai wani ɗan Zariya da zai zo gida ƙarshen wata, zan ba shi ma'aunin ruwa na roba, mai lambobin milimita a jiki, ba shi da tsada. Ka kafa shi a fili a tsakar gida, nesa da indararo da bishiyar mangwaron nan, a kan sanda mai tsayin ƙugu inda awakin Umma ba za su ture ba. Kullum ƙarfe 7 na safe ka duba, ka rubuta a littafi, ka zubar. Ranar da ba a yi ruwa ba ka rubuta 0, kada ka bar wurin fayau, don fayau na nufin ba a duba ba. In za ka kwana a makaranta ka koya wa Auta, ka ce ladanta na wuyana. Idan damina ta fita sai mu jera naka da na TAMSAT da CHIRPS, mu ga wanda ya fi sanin Tudun Wada, babi guda ke nan a aikinka.

Ka gaida Umma, ka ce mata kuka da daddawar sun iso, amma yajin ya kusa ƙarewa.

Yayanka.