Katin dala da tsabar kuɗi: yadda ta kaya mana ni da amarya a Zanzibar

Sati uku ke nan da dawowarmu daga Zanzibar, tsibirin nan na ƙasar Tanzaniya, kwana takwas muka yi, kuma duk abokin da ya zo gida nan Agege yi mana Allah sanya alheri, bayan an gaisa an sha lemo tambayar ɗaya ce, wai ya muka yi da kuɗi a can, kati muka riƙe ko tsaba. Biyu daga cikinsu bikinsu na nan tafe bayan sallah kuma su ma suna son fita da amarensu, shi ya sa na ce bari in zauna in faɗi abin da katin dalar da na karɓa musamman saboda tafiyar nan ya yi mana, da inda ya bar mu a tsaye. Ba zan kama sunan bankin ba. In tauraro ake bayarwa, uku zan ba shi cikin biyar, kuma ukun nan da zuciya ɗaya na bayar.

Dalilin da ya sa ma na nemi katin dala, duk wanda ke sayayya a intanet ya tuna abin da ya faru a 2022, lokacin da bankuna suka yi ta rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje har ya dawo dala 20 a wata, daga baya da yawansu suka rufe gaba ɗaya, sai a tsakiyar 2025 aka fara buɗewa kuma kowane banki da tasa iyakar. Ni abin nan bai fita raina ba, ban ga yadda zan ɗauki 'yar mutane sati biyu da ɗaurin aure in kai ta wata ƙasa da katin naira kaɗai a aljihu ba. Sai na buɗe asusun dala, na zuba 1,800, aka ba ni kati cikin kwana huɗu, nan kam ba su ɓata min lokaci ba gaskiya.

Niyyata ke nan in tafi da kati kawai da ɗan abin da ba a rasa ba, sai da muka je yi wa Kawu sallama. Ƙanin mahaifiyata ne, ya fi shekara 20 yana canji a Allen can Ikeja. Da na nuna mai katin ya juya shi gaba da baya ya miƙo min, ya ce, "Ango, yana da kyau, amma ranar da netwok ya ɗauke wa za ka nuna wa shi?" Ya sa na sayi dala 700 a hannu. Abin da ya burge ni yadda ya zaɓe su, ɗaya bayan ɗaya yana ɗagawa saitin fitila, duk wadda ke da zanen biro ko hatimi ko ɗan yagewa a gefe sai ya ware, ya ce 'yan ɗari-ɗari kuma bulu kawai, wato sabuwar nan mai shuɗin zare a tsakiya da ta fito a 2013, don a gabashin Afirka tsohuwar dala fara wahalar karɓuwa take, ƙananan takardu kuma irin 'yan biyar da 'yan goma farashinsu ƙasa yake da na 'yan ɗari. Sannan ya ƙirga 300 daga ciki ya sa a ambulan ya miƙa wa amarya, ba ni ba, ya ce, "'Yata, wannan a jakarki zai zauna, kar ki bari ya haɗa da nasa." Tunda kuɗin bai kai ko kusa da dala 10,000 ba babu maganar bayyana wa kwastan a filin jirgin Murtala, muka wuce abinmu.

To bari in fara ba katin haƙƙinsa. Duk abin da ake biya tun kana gida shi ya yi mana. Biza dala 50 kowannenmu, kuma mu 'yan Najeriya ta intanet ake nema tun da wuri a jira amsa, ba a filin jirgi ake buga mana ba. Sai inshorar da Zanzibar ta wajabta wa baƙi tun Oktoban 2024, dala 44 kan mutum ɗaya, ita ma ina zaune a falo na biya, takardar ta shigo imel nan take. Kama ɗakin otal ma da shi na yi, shayi da biredi kuma da muka sha a Adis Ababa muna jiran jirgi na biyu, ɗora katin kawai nake a kan injin ya yi ƙara shikenan. Ba kuma ƙaramin kwanciyar hankali ba ne ka san mafi yawan kuɗinka ba a jikinka suke ba, ko jaka ta ɓata ka shiga manhaja ka rufe katin.

Matsala ta fara ne a kantar otal ɗin farko a Stone Town, tsohon garin birnin Zanzibar. Yarinyar ta ce in da kati zan biya akwai ƙarin kashi 5 cikin 100, na ce na me, ta ce cajin da banki ke cire musu ne suke ɗora wa baƙo, kuma daga baya na ga ba su kaɗai ba ne, kusan duk inda muka je mai POS akwai irin wannan ƙarin, wasu 3 wasu 5. Bayan wannan suka riƙe dala 150 a matsayin jingina ko za mu ɓata wani abu a ɗaki. Kuɗin ba su cire ba, amma ni ma ba zan iya taɓa su ba, suna nan a rataye, kuma ranar da muka bar otal ɗin suka ce sun saki, amma sai da aka yi kwana tara kafin su dawo cikin balas ɗina. Wanda ya ƙididdige kuɗinsa daidai wa daida, wannan kaɗai ya isa ya rikita mai lissafi.

Akwai kuma wani yankan da ba ka ganinsa sai ka zauna da rasit. Tun watan Maris na 2025 Tanzaniya ta kafa dokar cewa cinikin cikin gida da shilin za a riƙa yi. To farashin ɗakin da na gani a intanet da dala yake, a kanta suka juya shi zuwa shilin da nasu farashin canjin, injin ya cire shilin, bankina kuma ya sake juya shilin ɗin zuwa dala ya ɗora nasa cajin na cinikin waje. Canji biyu ke nan a kan abu ɗaya, kowanne da ɗan abin da yake gutsura. Da daddare na zauna da kalkuleta, amarya na karanto min rasit ina dubawa a manhaja, muka ga ɗakin kwana uku ya ƙaru da abin da zai biya mana abincin rana biyu. Wannan ba laifin banki kaɗai ba ne, amma da na je karɓar katin na tambayi ma'aikaciyar cajin da ke kai, ce min ta yi ba wani abu ne mai yawa ba, ba ta ba ni takarda ba ba ta faɗi adadi ba, kuma wannan ya ɓata min rai don haƙƙina ne in sani.

ATM sau biyu na gwada. Babbar takardarsu 10,000 ce, lokacin kuma dala ɗaya na kusan shilin 2,500, ka ga takarda mafi girma wajen dala huɗu ke nan, shi ya sa injin da na samu bai ba da sama da 400,000 a ciro ɗaya, kuma kowane ciro injin ya ci nasa bankina ya ci nasa. Wani injin ya tambaye ni ko ya caje ni da dala kai tsaye da farashin da ya nuna a allo, na ƙi na zaɓi shilin, don in ka yarda injin ne ke yanka maka farashin canji kuma yawanci ya fi tsada. Da na gwada da gidan canji sai na ga bulun Kawu sun fi araha nesa ba kusa ba, ka miƙa fasfo ka miƙa ɗari ɗaya, a ƙirgo maka damin shilin da rasit, ba wanda ya sake cire maka ko sisi a bayan ido.

Ga shi kuma duk abin da ya yi mana daɗi a tafiyar da tsaba muka biya shi. Mu mutanen Legas mun saba, ko mai shayi ka ce turo akawun namba, kowace kwana akwai mai POS a ƙarƙashin lema. Can su ma suna da nasu na waya irin su M-Pesa, amma da layinsu yake aiki, taransfa ɗinka ta Najeriya ba ta da amfani. Forodhani da magariba, bakin teku, an jera tebura da fitilu hayaƙi na tashi, tsirensu da suke kira mishkaki, kifi da jatan lande, ga mai matse rake yana tura sandar cikin inji tare da citta da lemun tsami ruwan na zuba cikin bokiti mai ƙanƙara, amarya kofi biyu ta sha a tsaye, babu mai maganar kati a wajen. Mai kwale-kwalen da ya kai mu tsibirin Changuu ganin manyan kunkuru, tsaba. Gonar kayan ƙamshi inda yaro ya ɓare mana ɓawon kirfa ya murza ɗanyen kanumfari a tafin hannunta, tsaba. Kasuwar Darajani inda ta sayi zannuwan kanga na tsarabar su Hajiya da ƙannenta, nan ma da kuɗi a hannu ne ake iya taya ciniki, kana fito da su mai kaya ke saukowa. Har ɗan abin da za ka jefa a akwatin masallaci ranar Juma'a, garin na Musulmi ne, kiran salla ta ko'ina kamar kana gida.

Abin da ya sa na cire wa katin tauraro biyu ya faru ne a Nungwi, can ƙarshen arewacin tsibirin, tafiyar kusan awa ɗaya da rabi daga Stone Town. Daren mu na ƙarshe ne, na yi niyyar ya zama na musamman, muka je wani gidan abinci da ke kan yashi, tebur da kyandir ruwa na zuwa kusa da ƙafarmu. Shilin ɗina sun ƙare da rana wajen tsaraba, dalar hannuna ma na gama canjawa, na ce ai ga kati kuma na ga alamar suna karɓa a bakin ƙofa. Aka kawo bil, yaron ya sa kati, injin ya yi ta juyawa ya ce an ƙi. Ya ɗaga shi sama yana neman netwok ya sake sawa, an ƙi. Sai wayata ta yi ƙara, da yake ina kan wayfay ɗinsu, na duba imel na ga an cire kuɗin, sau biyu. Wallahi gabana ya faɗi, zufa ta keto min duk da iskar teku, ga Turawa a teburin gefe suna kallo, manaja ya zo cikin mutunci ya nuna min takardar da injin ya fitar, su dai ba abin da ya shigo musu. Na ce to bari in biya ta shafinsu na intanet, nan kuma aka ce an tura OTP, wato lambar da banki ke turowa don tabbatar da biya, zuwa layina na Najeriya, layin da ban buɗe wa romin ba balle ya yi aiki a ƙasar waje, kuma a banki ba wanda ya ce min in haɗa token, abin nan da ke fitar da lambar da kansa, ko in mayar da lambar ta imel kafin in tafi duk da na gaya musu tafiya zan yi.

Amarya ba ta ce komai ba. Jakarta ta jawo ta ƙarƙashin tebur ta zuge zif ɗin ciki, ta ɗora min ambulan ɗin Kawu a cinya yadda ba wanda ya gani, ta ce a hankali, "Yallaɓai, ga saƙon Kawu." Ɗari ukun na nan cif ba ta taɓa ba. Manajan ya haɗa ni da yaronsa muka taka zuwa gidan canji da bai rufe ba, na canja ɗari, na dawo na biya da shilin. A hanyar komawa masauki ba abin da nake tunawa sai maganar nan ta abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Da sauran kuɗin muka biya tasi zuwa filin jirgin Abeid Karume washegari.

Kastoma kiya na bankin kuma sai haƙuri. Zanzibar na gaban Najeriya da awa biyu, na kira da safe ta WhatsApp ba a ɗauka ba, na tura imel aka ba ni amsar inji. Sai da na dawo na je reshensu da ƙafata, na cike fom, na haɗa da hoton takardun nan biyu na "an ƙi" da amarya ta yi dabarar karɓa daga hannun manajan ta adana, ma'aikacin ma cewa ya yi ba don su ba da maganar ta yi tsawo. Don Allah duk wanda kati ya ƙi masa a waje ya karɓi wannan 'yar takardar kar ya bari a jefar.

Abokaina biyun nan na gaya musu yadda zan yi in da yau zan sake tafiya: biza, inshora, tikiti da otal a kati, amma in tambayi cajin kati a rubuce kafin in kama ɗaki, in bar rarar da ko an riƙe jingina ba za ta dame ni ba, in gyara maganar OTP tun ina Legas, in kuma ƙara yawan tsabar ta kai kusan rabi, a raba ta jaka biyu. Katin ban rufe shi ba, yana nan ina amfani da shi.

Cirar farko ta dawo kwana 16 bayan na cike fom, ina cikin goslo a Oshodi alat ɗin ya shigo. Ta biyun har yau ina jira, jiya ma na kira sun ce in ƙara sati ɗaya. Shilin 23,000 da suka rage mana na kai wa Kawu, ya ce nan ba mai saye, amarya ta karɓe ta sa su cikin akwatin kanga.